Kowa Ya Zama Edita

A 'yan shekarun nan ba sai ka tambayi saurayi sana'arsa ba, wayarsa kawai za ka duba. In akwai CapCut a ciki, to edita ne. Ya yanka bidiyon sunan ɗan yayarsa, ya liƙa masa waƙa, washegari ka ga ya ƙara "Situdiyo" a bayan sunansa a Facebook.

Wannan ba laifi ba ne. Kamfanin ByteDance, masu TikTok, su suka yi CapCut, kuma don irin wannan aikin suka yi ta: gajeren bidiyo a tsaye, a yanka, a sa rubutu, a tura. Hajiya mai tallar atamfa da turaren wuta ba ta buƙatar abin da ya wuce ita ko InShot. Rigima tana tashi ne ranar da wani a majalisa ya ce wa editanmu, "Kai har yanzu da waya kake aiki?"

Shi ke nan, sai kece raini. Ya ji labarin cewa da DaVinci Resolve ake gyara launin manyan finafinan Amurka, kuma kamfanin Blackmagic kyauta yake bayar da ita. Kyauta fa! Ya ƙarar da datarsa wajen saukewa, ya ɗora ta a kan tsohuwar kwamfutar da yayansa ya gama digiri da ita, mai RAM giga 4, alhali ita manhajar sai ta ga giga 16 take amsa sallama. Fanka ta kama gurnani, allo ya ƙame, aka ɗauke wuta, aka dawo da ita, aka sake ɗaukewa. Aikin kuwa duka-duka daƙiƙa 40 ne, tallar ragon layya. Kafin bidiyon ya fito, an yanka ragon, an soye, har kai da ƙafa an cinye.

Masu Premiere Pro su ne manyan gari. Adobe, kamfanin da ya yi ta, kuɗin wata-wata yake karɓa, amma tambayi ɗayansu nawa yake biya, sai ya dubi sama, ya ce wani abokinsa ne ya zuba masa a filasha. Final Cut Pro kuwa sai a kayan Apple take aiki, duk da haka za ka ji mai Tecno yana rantsuwa babu kamarta, ko a mafarki bai taɓa buɗe ta ba.

Akwai kuma baƙon da ba a gayyata amma ba ya fashin taro: tambarin KineMaster a saman bidiyo. Ranar kamu yana nan, dina yana nan, saukar karatu ma bai bari ba. Kuɗi kaɗan ake biya a cire shi, sai dai editanmu ya gwammace ya rufe shi da hoton kansa sanye da baƙin gilashi.

Ko da wace manhaja aka yi aikin, amarya ce ke shan wahala. Ta shigo tana juyi, ta tarwatse ta zama taurari, ango ya ɓullo daga cikin fure, wuta na ci ta bayansa. Nasihar kakar amarya kuwa janareta ya shanye ta, domin ba wanda ya tuna da makirfo. Uwar amarya, wadda ta biya kuɗin aikin, ta gama laluben fuskar 'yarta cikin hayaƙi da walƙiya, ta kira edita ta ce, "Ɗana, don Allah turo min wanda ba ka taɓa ba."