Yadda Mai Gida Zai Cinye Wasan Whot Ko Bai Iya Ba

Kartar Whot daga Ingila ta fito. Wani Bature mai suna William Storey ne ya yi mata rajista a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya riƙa buga ta. Amma da Baturen zai zauna a wata majalisa a Kano bayan isha'i, tun zagayen farko za a ce masa bai san doka ba.

Kati 54 ne, babu 6 babu 9 a ciki. Iyakar abin da kowa ya yarda da shi ke nan, sauran sai yadda mai tabarma ya ce.

Don haka mai gidan da ke son nasara kada ya kuskura ya faɗi dokoki kafin a raba kati. Ya bari sai an jefa masa 2, wadda ke tura mutum kasuwa, wato tarin katin da ba a raba ba, ya ɗebo biyu. In yana da tasa 2, ya dire ta ya ce ai nan gidan ana karewa, na gaba ya kwashi huɗu. In baƙo ne ya yi masa haka, ya gyara hula ya ce wannan dokar 'yan Legas ce. Ita ma 5, a wasu gidajen uku take sa a ɗauka, a wasu ba ta da iko ko kaɗan. Mai gida ya leƙa hannunsa tukuna kafin ya tuna wane gida ne nasa.

Katin 20 guda biyar ne, mai riƙe da shi yana neman siffar da ya ga dama. Ko ana iya gama wasa da shi? Ana iyawa mana, in dai a hannun mai gida yake.

Sai batun "las kat". Wanda katinsa ya rage ɗaya dole ya sanar, in ba haka ba ya koma kasuwa. Wannan ne lokacin da ya dace mai gida ya ƙara muryar rediyo, sannan ya rantse bai ji komai ba.

In kasuwa ta ƙare aka zo ƙirge, kati mai siffar tauraro ninki biyu ake lissafa shi, 8 ta zama 16. Mai gidan da ya makale da taurari uku sai ya miƙe da sauri ya taya yaro sauke tiren shayi, a tsakiyar katin.