Jirgin da Ake Ɗura wa Ruwa da Gangan

Daga Orlando, Jihar Florida, Amurka.
Zuwa ga Kawu, a Goronyo.

A tafkunan Florida akwai wani jirgin ruwa mai inji wanda ba ya dakon albasa, ba ya kai mutane kasuwa, ko tarwaɗa ɗaya ba a kamawa da shi. Aikinsa jan mutum guda, wanda ya ɗaure ƙafafunsa a kan allo, ya riƙe igiya mai tsawon kamar mita 20. Jirgin yana gudun fiye da kilomita 30 a awa, shi kuma yana taka taguwar da jirgin ya tayar, yana tsalle yana alkafura. Iya girman taguwa iya tsawon tsalle, jirgi kuwa ba ya tayar da babbar taguwa sai ya yi nauyi ya zauna cikin ruwa. Saboda haka, yayin da masunta a Gulbin Rima ke kwashe ruwa daga kwalekwale da ƙoƙo, a nan biya ake yi a ɗura shi. Mai wannan wasiƙa, ɗan ƙanwar Kawu, da wannan sana'ar yake ci.

Ba a cikin jirgin ake kwarara ruwan ba, haukan bai kai nan ba. Salka ake sawa, ta roba mai kauri, biyu a baya, hagu da dama, ɗaya a gaba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan salka mai cin lita 500 nauyin buhu 10 ne na shinkafa, irin mai kilo 50. Jirgi ɗaya kan sha fiye da tan guda.

Kowace salka tana da bakin shiga da na fita da na numfashi. Ruwan yana shigowa ne ta wata huda da ake yi a gindin jirgin, ƙasa da bakin ruwa. Ranar da aka fara miƙa wa mai wasiƙar na'urar huda, sai da ya yi Innalillahi, ya tambaya sau uku ko da gaske ake. Ana ɗaura wa hudar bututun tagulla, a liƙe ta da gam, a sa mata kan famfo da za a murɗa a rufe idan tiyo ya tsinke. Duk mahaɗar da ke ƙasa da ruwa ana matse ta da zoben ƙarfe biyu, wanda ba ya tsatsa. Wanda ya yi rowar zobe ɗaya yakan koma gida da iyo.

Famfon da ke ɗura ruwan iri biyu ne, duka da batir mai bolt 12 suke aiki. Na farko halinsa ɗaya da injin ban-ruwa na fadamar Wurno: ba ya ja sai cikinsa da ruwa, iska kaɗan ta shige shi sai ya yi ta kuka babu ko ɗigo. Don haka a can ƙasa ake ajiye shi, inda ruwa zai same shi da kansa. Hanya ɗaya ya sani, dole kowace salka ta sami biyu, mai ɗura da mai zuƙewa. Na biyun yana da farfela ta roba, yana jan ruwa da kansa, kuma da makunni ɗaya ake juya shi ya cika ko ya kwashe. Ya fi tsada, ga saurin fushi: a bar shi yana juyi babu ruwa, nan da nan farfelar ta ƙone.

Bakin numfashi yana sama, tiyonsa na fita ta gefen jirgi. Ta nan iska ke fita, ta nan kuma ruwa ke tsartuwa idan salka ta ƙoshi, a kashe famfo. Sauran matsala ita ce ruwa ya koyi tafiya shi kaɗai, kamar yadda fetur ke bin tiyon ɗan bumburutu da zarar an zuƙa sau ɗaya. Maganinta a lanƙwasa tiyon ya hau sama da bakin ruwa, a sa masa wata ƙaramar ƙofar iska a ƙololuwa. In ba haka ba, mai jirgi ya wayi gari salka ta cika da kanta.

Da yamma a zuƙe ruwan tas a mayar da shi tafki. A jihohi irin su Minnesota doka ce ma, domin akwai wata ƙaramar halittar ruwa mai ɓawo, kamar dodon koɗi, da ƙwayoyinta ke bin ruwa daga tafki zuwa tafki suna toshe bututu. Ruwan da zai shayar da 'yan kwamin tafarnuwa, an ɗebo shi, an kai shi yawon shan iska, an dawo da shi bai jiƙa ko tushe ɗaya ba.

Ana gaida Inna da yara, da 'yan uwa na Rabah da Wurno. Don Allah Kawu, kada a karanta wasiƙar nan a gaban Auta. Kwalekwalen gidan nan ɗaya ne, kuma an san yaron da son gwaji.

Naka,
Ɗan ƙanwarka.