Yadda Za Ki Je Taron Bitar Marubuta Ki Dawo da Labarinki a Raye

Da ke nake magana, 'yar uwa, wadda kika taɓa saka labarinki a jaka kika tafi taron bita da zumuɗi, kika dawo da biro mai tambari da takardar shaida, labarin kuwa ko shafi ɗaya ba a buɗe ba. Maza ma ku matso, na hango ku a layin baya kuna hamma. Ban daɗe da dawowa daga irin wannan taro ba, raina bai gama hucewa ba, shi ya sa na ce bari in rubuta tun da zafinsa. Ba zan ce miki ki yawaita karatu ko ki riƙa tashi da asuba ba. Kin sani, kin yi, har kin gaji da ji.

Na ɗaya, ki ci ki ƙoshi kafin ki fito daga gida. Katin gayyata zai ce ƙarfe tara, babban baƙo kuwa sai rana ta take, kuma ko addu'ar buɗe taro ba za a yi ba sai ya zauna. Daga nan mai gabatarwa zai shiga kiran manya zuwa babban tebur: shugaban taro, uban taro, uwar taro, babban baƙo na musamman, mai masaukin baƙi, da wakilin wanda bai samu damar zuwa ba saboda wani uzuri da ya taso masa. Kowannensu zai karɓi lasifika ya ce ba zai tsawaita ba, sannan ya tsawaita. Kowannensu zai sanar da mu cewa marubuci madubin al'umma ne, cewa matasan yanzu ba sa karatu, cewa shi tun yana firamare ya haddace Magana Jari Ce. Mu da muka bar yara a hannun maƙwabta muka hau adaidaita sahu tun da sassafe, muna zaune muna tafi. Ana gamawa sai a ce a fito hoton tarihi. Ana ɗaukar hoton, babban baƙo zai shige mota, rabin zauren ya bi shi, 'yan jarida su naɗe wayoyinsu su bi bayansu. Sai kiran sallar azahar. Sai rabon shinkafa a roba. Wallahi abin yana ci mini rai, domin waɗannan awoyi da aka ƙone su ne kaɗai awoyin da yawancinmu muka iya ƙwatowa daga gida da wurin aiki saboda rubutu.

Na biyu, ki zauna kusa da bango inda akwai soket.

Na uku ya shafi muƙala. Bayan an ci abinci, ido ya yi nauyi, za a gabatar da malami daga jami'a, a ba shi minti arba'in ya karanta takarda mai shafi talatin. Zai yi bayanin jigo da warwarar jigo, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe, babban tauraro da ƙananan taurari. Ina girmama malaman nan, ilminsu na gaske ne, kuma da shi ɗalibi yake feɗe littafin da aka riga aka gama. Amma ke ba littafin da aka gama ne ya kawo ki ba. Abin da ya kawo ki shi ne babi na bakwai da ya ƙi motsi tun kafin azumi. Kin zo ki ji dalilin da ya sa uwar miji da 'yar aiki da likita duk suke magana da murya ɗaya, muryarki. Kin zo a nuna miki inda labarin ya kamata ya fara, don zuciyarki tana raya miki cewa shafuka goman farko share fage ne kawai. A lissafa wa mutum sunan gari da ruwa da tukunya bai koya masa tuƙin tuwo ba, sai an damƙa masa muciya an tsaya a kansa an nuna masa inda gudaji suke. Saboda haka ki rubuta abin da malam ya faɗa, zai yi miki amfani wata rana, amma kada ki koma gida kina zargin kanki don babi na bakwai bai warke ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mun fi kowa sanin yadda ake yin abin, don da haka aka haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su ƙaga labari su rubuta. Gasar nan ce ta ba mu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, ga kuma Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da East ɗin kansa. Da aka ga hannun Imam, sai a 1936 aka ɗauko shi daga aikin koyarwa a Katsina aka kawo shi Zariya, aka ba shi wuri da littattafai da watanni, yana rubutawa ana dubawa ana tattaunawa, har Magana Jari Ce ya fito littafi uku. Mutum yana iya samun ta cewa game da manufar Turawan mulki a wannan aiki, ni ma ina da tawa, amma tsarin aikin a bayyane yake: marubuci, da takardarsa, da wani mai karanta masa da idon gyara. A shekarar 1936 ɗin nan dai aka kafa shahararren zauren koyon rubutu na Jami'ar Ayowa a Amurka, inda aka saba raba wa 'yan aji labarin mutum su karanta tun kafin a haɗu, ranar zama kuma mai labarin ya kame bakinsa ya saurari abin da za a ce. Manyan baƙinmu da suke ta ambaton Magana Jari Ce a kan lasifika, da za su tambayi yadda aka yi littafin ya samu, da sun taƙaita jawabi.

To, a ce an yi sa'a, saura minti ashirin a tashi, aka ce mutum uku su karanta nasu, kuma kina ciki. Nan ne shawara ta huɗu, kuma ita ce wadda nake so ki riƙe ko da kin watsar da sauran. Kina gama karantawa za ki ji an ce, "Masha Allah, Hajiya, kin yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira." Ki ce amin, don addu'a ce, kuma da zuciya ɗaya aka yi ta. Wani zai miƙe ya ce shi ba tambaya gare shi ba, ɗan tsokaci ne, ya kwashe minti bakwai yana ba da tarihin yadda ya fara rubutu. Wani zai ce labarin ya yi daɗi, amma ina faɗakarwar? Wani kuma tun da kika fara bai ji komai ba sai wuri biyu da kika haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Duk ki yi godiya. Amma kada ki bar harabar nan sai kin gano mace ɗaya, yawanci tana gefe, ba ta cika magana ba, littafin rubutunta ya sha jiki har bangon ya fita, kuma kin lura lokacin da kike karatu ta ɗan yamutsa fuska a wani wuri. Ita kika zo nema. Ki bi ta har bakin titi ki karɓi lambarta.

In kun fara musayar rubutu, kada ki tambaye ta ko labarin ya yi. Za ta ce ya yi, don an yi mata tarbiyya. Mu mutane ne masu kunya da kara, ba ma iya kallon wadda ta girme mu mu ce mata, "Anti, babin nan ya yi sanyi." Wannan hali yana da kyau a gidan biki da zaman makoki, amma ya kashe littattafai da yawa tun suna cikin jaka. Ki yi mata tambayar da kara ba za ta hana ta amsawa ba. A wane shafi kika ajiye kika duba waya? Wane ne a cikin mutanen nan ba ki yarda da maganarsa ba? Da an ce ki yanke shafi biyar, wanne za ki fara cirewa? In ta amsa, ki yi shiru. Kada ki ce ai abin da kike nufi kaza ne, domin mai karatu a Gusau ko Damagaram ba zai same ki a kusa ba balle ki yi masa bayani. Za ki ji zafi, wataƙila ki kwana kina jin haushinta. Da safe ki buɗe shafin da ta ambata ki sake dubawa.

Na biyar, ko na shida ne, oho, lissafin ya ɓace mini tun a babban tebur. Za a buɗe muku zaure a WhatsApp don a ci gaba da zumunci. Makon farko za a yi ta godiya ga masu shirya taro. Daga nan sai barka da Juma'a, sai tallan turaren wuta da atamfa, sai sanarwar ɗaurin aure, sai rigima a kan wa ya cire wa daga shugabancin zauren. Ki kashe masa ƙara, ki bar shi saboda ta'aziyya.

Tunda an zo maganar waya, bari in sauke abin da ke raina. Yawancinmu yanzu a waya muke rubutu, da babban yatsa, muna sakin labari kashi-kashi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu suna biye da mu. Daɗin abin ba ya misaltuwa, don marubutan da suka gabace mu sai sun jira wasiƙa kafin su san an karanta su. Amma masu karatun nan ba sa ƙoshi. Kin saki shafi da daddare, kafin ki idar da sallar asuba an cika miki waya da "Anti ci gaba don Allah", "Anti yau shiru", "Anti kada ki bari ya auri waccan". Ranar da ba ki da abin faɗa, dole ki faɗi wani abu, sai ki ƙirƙiro hatsarin mota. Jibi ki kawo kishiya. Gata ki kwashe shafi uku kina lissafa akwatunan lefe da abin da aka jera a teburin cin abinci. Labarin da ya kamata ya ƙare a babi ashirin sai ya kai tamanin, ke da kanki kin manta abin da ya sa kika fara shi. Sannan in kin ce a biya naira 500 kafin a karanta sauran, mutum ɗaya zai biya, kafin magariba littafin ya zaga zauruka, wani ma ya ɗora shi a YouTube yana karantawa yana karɓar kuɗin talla, ko sallama bai yi miki ba. Wannan sata ce, kuma masu yin ta sun sani. Shawarata a nan gajeriya ce: kada ki saki shafin farko sai kin rubuta na ƙarshe, ko da a gurguje ne. Maganin ɓarayin kuwa, in kin samo shi ki taimaka mini da shi.

Ki riƙa tura wa kanki abin da kika rubuta ta imel kowane dare. Wata ƙawata a cikin adaidaita sahu aka zare mata waya da littafi guda a ciki, saura babi biyu ta kammala.

Saura maganar lokaci, wadda babu taron da ke taɓa ta. Akwai gidan marubuta na Ebedi a Iseyin ta Jihar Oyo, wanda Wale Okediran ya kafa, inda ake ba marubuci ɗaki na makonni ya zauna ya yi aikinsa. Abu ne mai kyau, wadda ta samu hali ta nema. Amma mace nawa ce a cikinmu za ta ce wa maigida da yara da wurin aiki ta tafi sai bayan wata guda? Lokacinmu guntu-guntu ne: bayan an kai yara makaranta kafin a ɗora sanwar rana, ko bayan isha'i in an yi sa'a ba a ɗauke wuta ba. Ki zaɓi guda ki kafa masa doka, ki gaya wa mutanen gida da bakinki cewa wannan rabin awar taki ce. Balaraba Ramat Yakubu tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, daga baya ta koma karatu, ta rubuta Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Ita da su Ado Ahmad Gidan Dabino na ƙungiyar Raina Kama a Kano ba su jira wani kamfani ya zo ya gano su ba, da kansu suka buga littattafansu suka kai kasuwa.

In kuma kina neman abin da zai tilasta miki zama, ki shiga gasa. A 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara shirya gasar Hikayata domin mata, kuma ƙa'idarta ta kalma 1,000 zuwa 1,500 da ranar rufewa ta koya wa da yawa daga cikinmu yanke surutu fiye da duk muƙalar da muka taɓa saurara. A kalma 1,500 babu wurin akwatunan lefe. Ko ba ki ci ba, kin fita da labari guda kammalalle, mai farko da ƙarshe.

Ku kuma masu shirya mana taro, mun san kuna wahala, mun san da aljihunku wasunku suke yi, Allah ya saka da alheri. Roƙona gare ku shi ne, karo na gaba ku nemi kowa ya turo shafi biyar tun mako biyu kafin ranar, ku raba mu rukuni-rukuni kada kowanne ya wuce mutum goma, ku tura wa kowa rubutun 'yan rukuninsa ya karanta a gida. Manyan baƙi a gayyace su rufe taro da yamma. Kuɗin da za a kashe wajen ƙawata babban tebur kuwa, don Allah a ɗauko edita da shi ya zauna da mu da jan biro.