Wasiƙa zuwa ga Gwaggo Katafila

Gwaggo, ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kin kwana lafiya a gindin tsamiyar da kika ƙi motsawa daga ƙarƙashinta yau sati uku, na ɗauki alƙalami ne saboda magana da baki ta gagara. Na lallashe ki, na yi miki tsawa, har sifana na buga miki a gefe, kika yi kunnen uwar shegu.

Na san asalinki, ba sai kin tuna min ba. Ke D4 ce, 'yar gidan Caterpillar na Amurka, gidan da aka kafa a 1925. Irinki masu lamba 7U an ƙera su ne tsakanin 1947 da 1959, wato kin girmi tutar Najeriya. Saboda haka nake ce miki Gwaggo. Amma girma ba hauka ba ne.

Mu fara da batir. Ke ba kya cin irin na kowa, sai mai bolt 6, wanda na taka kasuwar Ƙofar Ruwa rumfa rumfa kafin na samu. Kwana huɗu kika tsotse shi. Na ce batirin ne maras kyau, na koma na yi wa mai shago rashin mutunci, na sayo wani. Shi ma kika shanye. Sai da na ɗauko rewaya, wani yaro da bai kai jikanki ba, ya ɗora mita. Kina kashe ta nuna 6.3. Aka tayar da ke, aka ba ki wuta, allura ta tsaya cak a wurin, alhali kamata ya yi ta haura wajen 7. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, ai dinamo ba ya ba da komai. Ci kawai take yi, ba ta biya."

Ya danna fanbel da babban yatsa, ya lotsa kamar igiyar shanya. Ya ɗaure. Ya buɗe dinamo, ya tarar gawayin ciki, wanda suke kira buroshi, ya cinye saura ƙiris. Ya sake. Duk da haka shiru. Sai ya bi wayar da ta tashi daga batir zuwa jikinki, ya kwance ƙusar, ga tsatsa jajir kamar garin barkono. Ya kankare da yashi. Sannan ya yi abin da har yau nake mamaki: ya ɗauki guntuwar waya, ya taɓa daga batir zuwa dinamo, tartsatsi ɗaya, ƙyas! Wai dinamo irin na da, in ya daɗe a zaune, ɗan maganaɗisun da ke maƙale a ƙarfensa yakan gudu, sai an tuna masa inda gabas take. Allura ta tashi. Gwaggo, tsatsar da ba ta cika cokali ba ita kika sa na saya wa batir biyu, na kuma ɓata da mutumin da ko laifi bai yi ba. Har yanzu ban koma na ba shi haƙuri ba, kunya ta hana.

Sai ɗan goyon naki. Ina nufin ƙaramin injin fetur mai silinda biyu da kike ɗauke da shi a baya, wanda sai ya farka ya juya ki, ya ɗumama miki ruwa da hayaƙinsa ya gasa miki iska, kafin ki yarda ki kama. Sarauniya ke nan, ba ta tashi sai an tashe ta. Shi kuma ya gaji halinki. Ranar da direba ya manta bai rufe famfon fetur ya bar kafireto ya ƙone abin da ke ciki ba, fetur ya zurare cikin baƙin mai, muka wayi gari ma'auni yana warin gidan mai.

Hayaƙinki kuwa na fara jin yarensa. Baƙi, kin ce ƙurar hunturu ta toshe miki hanci, a wanke tukunyar mai da ke tace iska. Shuɗi, kina shan baƙin mai, ringi ya gaji. Farin nan ne ya hana ni barci, don bakanike ya ce ko gas ne bai ƙone ba, ko ruwan lagireto ne ya sami hanya ta gasket. Na farkon kuɗin nozul ne. Na biyun kuɗin sa ne, da ƙahonsa. Muka buɗe murfin lagireto muna leƙen kumfa kamar masu duba, ba mu ga komai ba, na yi hamdala. Washegari kika shaƙi iska a bututun gas, muka wuni muna kwance ƙusa muna fitar da kumfa.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Madatsar ruwan nan ta gona saura kwana goma a gama ta, ga hadari ya fara haɗowa ta gabas. Ki taimaka ki tura ƙasar nan. Ba barazana nake miki ba, amma jiya 'yan gwangwan sun zo wucewa, ɗayansu ya zagaya ki sau biyu, ya ƙwanƙwasa sarƙarki, ya tambaye ni ko kin kai tan biyar. Na ce masa ba na sayar da dangi. Ya dai bar min lambarsa, tana aljihun gaba.

Naki mai biyayya,
Ɗan ɗan'uwanki, mai sayen batir