Yadda Ake Taya Ƙarin Wasan Gem a Alaba Rago

Ƙarin wasa, wanda 'yan gem ke kira DLC, sabon yanki ne ko sabon labari da kamfani ke ɗorawa a kan wasan da ya riga ya sayar, sannan ya yanka masa kuɗinsa daban. An fi ganinsa a wasannin da ake sakin jarumi cikin faffaɗar ƙasa ya nufi inda ya ga dama, a kan doki ko a mota ko a ƙafa, yana karɓar aike yana faɗa da duk wanda ya tare masa hanya. GTA da Assassin's Creed da The Witcher 3 da Elden Ring duk wannan gidan ne. Yawanci ƙarin ba ya aiki sai da uwar wasan, don haka wanda ya saye shi ba tare da ita ba, sunansa kawai zai riƙa kallo a allo.

Matashin Alaba Rago, a ƙaramar hukumar Ojo ta jihar Legas, ya yi dace ta fuska biyu. Kasuwar Alaba International, inda ake samun na'urar wasa sabuwa da ta hannu da faifai iri-iri, ba ta da nisa da shi, kamar yadda Computer Village ta Ikeja take ga ɗan uwansa na Agege. Sannan ilimin da ake bukata wajen cinikin a ƙofar gidansu yake. Dattawan kara ba sa biyan kuɗin rago saboda murɗin ƙahonsa. Sai sun buɗe bakinsa sun ga haƙora, sun dafa gadon bayansa sun ji nama, sun sa an ja shi sun ga tafiyarsa, kafin su ce uffan a kan kuɗi. Da wannan natsuwar ake tunkarar ƙarin wasa.

Ƙaho shi ne kwalliya: sabuwar riga ga jarumi, takobi mai walƙiya, fenti ga mota. Wannan ciniki ya yi suna tun 2006, lokacin da kamfanin Bethesda ya sayar wa masu wasan Oblivion sulken doki a kan dala 2.50. Dokin ya yi kyau, amma ko taki ɗaya ƙasar ba ta ƙaru ba, kuma har yau 'yan gem na ambaton sulken nan idan an kawo musu kayan ado da sunan ƙari. Mai son ado yana da ikon kuɗinsa. Abin da ake so kawai shi ne ya san ado ya saya.

Nama kuwa abu uku ne: sabuwar ƙasa da za a taka, labari mai farko da ƙarshe, da wata sabuwar dabarar faɗa ko tafiya da za ta canza yadda hannu ya saba. A nan kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan ya kafa ma'aunin da ake gwada saura da shi. Ya fitar da The Witcher 3 a watan Mayun 2015, ya bi shi da ƙananan kaya 16 a matsayin gyara, ba ko kwabo. Sannan ya sayar da manya biyu. Hearts of Stone ya zo a Oktoban 2015 a kan kusan dala 10, labari ne mai ƙarfi amma a cikin ƙasar da aka riga aka sani. Blood and Wine ya biyo baya a Mayun 2016 a kan kusan dala 20, da sabuwar ƙasa sukutum mai suna Toussaint, da birninta da gonakinta da tsaunukanta, har da gidan da jarumi Geralt zai mallaka ya gyara da kansa. Kamfanin ya yi alkawarin fiye da awa 20 na wasa a ciki, kuma a ƙarshen shekarar ƙarin ya karɓi kyautar The Game Awards a rukuninsa, ya doke cikakkun wasanni. Duk ƙarin da aka kawo wa mai saye, ya dace ya ajiye shi kusa da wannan ya tambayi kansa wanne ya fi nauyi.

Tambaya ta gaba ba ta shafi kayan ba, mai sayen ta shafa: ya ƙare uwar wasan kuwa? Matasa da yawa na zumuɗin ƙari alhali rabin taswirar da suka biya tun bara na nan cikin hazo. Elden Ring, wanda kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar a Fabrairun 2022, ba ya ma sauraron roƙo. Ƙarinsa, Shadow of the Erdtree, ya fito ranar 21 ga Yunin 2024 a kan kusan dala 40, amma ƙofarsa ba ta buɗewa sai mutum ya kayar da bosawa biyu, wato manyan abokan gaba, Radahn da Mohg. Wanda Mohg ke mayarwa gida kullum, to ya riƙe kuɗinsa tukuna, ya koma atisaye. CD Projekt Red ya fi sassauci, domin yana ba mai saye damar fara ƙarin kai tsaye da jarumin da aka riga aka shirya masa, ko da yake hakan na rage daɗin labarin ga wanda bai san su wane ne mutanen ba.

Sai batun na'ura. PS4 ce har yanzu ta fi sauƙin samu a hannun matasa, kuma ba kowane ƙari ne ke hawa kanta ba. Cyberpunk 2077 ya fito a PS4 a Disambar 2020, amma ƙarinsa Phantom Liberty, na 26 ga Satumbar 2023, wanda ɗan fim Idris Elba ya fito a ciki a matsayin Solomon Reed, ba ya hawa kanta, sai na'urori irin su PS5 da sabuwar Xbox da kwamfuta mai ƙarfi. Haka Burning Shores na Horizon Forbidden West, shi ma ba ya hawa PS4. Shadow of the Erdtree kuwa yana aiki a PS4. Tambaya ɗaya a shago, kafin a ciro kuɗi, na hana mutum komawa gida da dogon tsaki.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen yanki, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. Faifan PS4 ba ya zaɓen ƙasa: wanda aka buga don Amurka zai yi aiki a na'urar da aka shigo da ita daga Turai ko Dubai. Ƙari ba haka yake ba. Dole yankinsa ya dace da yankin faifan. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Sony ya buɗe wa kantinsa na intanet, shi ya sa 'yan gem na Legas ke buɗe akawun da adireshin Amurka ko Ingila, su sayi katin kuɗi na wannan ƙasar su zuba. Faifan da ke kasuwa kuwa gauraye suke, wannan R1 na Amurka, wancan R2 na Turai. Idan akawun na Amurka ne faifan kuma na Turai, kuɗi za su fita, ƙarin zai sauka lafiya lau, wasan kuma zai yi kamar bai taɓa jin labarinsa ba. Maganin yana jikin kwali. Faifan Amurka na ɗauke da tambarin shekaru na ESRB mai haruffa kamar M ko T, na Turai kuma na PEGI mai lamba kamar 16 ko 18 cikin launi. A duba wannan, a duba ƙasar akawun, sannan a saya. Tambarin na da wani amfanin kuma: The Witcher 3 da Cyberpunk 2077 duk 18 ne, akwai zubar da jini da tsiraici a ciki, ba na falon da ƙanne ke zaune ba ne.

Farashin da ke rubuce a dala ba shi ne farashin Legas ba. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta yi ta hawa har ta haura naira 1,500 a 2024, wato ƙarin dala 40 ya kai wajen naira 60,000 kafin mai sayar da kati ya ɗora ribarsa. A kan wannan sai data, domin manyan ƙari na haura gigabait 10, kuma sau da yawa sai an sabunta uwar wasan kafin su karɓu. Masu dabara na jiran datar dare, ko su ɗauki na'urar su kai shagon da ke da intanet mai ƙarfi su biya ladan saukewa. Sai wuta. Idan awa 30 na wasa a kan janareta za a yi su, kuɗin fetur na cikin lissafi, musamman tun bayan cire tallafi a Mayun 2023.

Akwai wani lissafin na lokaci da bai kamata a manta ba. Elden Ring ba shi da maɓallin tsayar da wasa irin na sauran. Mai hankali ba ya shiga ɗakin bos idan an kusa kiran Magariba, sai ya nemi wurin hutu ya zaunar da jaruminsa ya tafi alwala. Bos zai jira, jam'i ba zai jira ba.

Faifai dukiya ce da ake iya sayarwa ko a yi musaya da ita a Alaba idan an gama. Ƙarin da aka sauke yana manne da akawun, ba mai taya shi. Saboda haka mai haƙuri kan nemi bugun da ya haɗa komai, kamar Game of the Year na The Witcher 3 da ya fito a Agustan 2016, inda ƙarin biyu ke cikin faifan kansa. Sai dai a lura, wasu bugun lamba ce kawai a takarda cikin kwali, kamar Ultimate Edition na Cyberpunk 2077 a PS5. Idan na hannu ne, mai shi na farko ya riga ya shigar da lambar, takardar ta zama ta naɗe gyaɗa. Mai shago na gari zai faɗi gaskiya idan aka tambaye shi, don haka a tambaya.

Masoya GTA, waɗanda suka taso da San Andreas a PS2, su san cewa GTA V na 2013 bai samu ƙarin labari ba, domin kamfaninsa Rockstar ya karkata ga wasan intanet. Duk wanda aka ce za a ɗora masa sabon babi na GTA V, gyaran masu sha'awa ne za a ba shi. GTA IV ne ya samu ƙari biyu a 2009, aka haɗa su a faifan Episodes from Liberty City, wanda yake aiki ko babu uwar wasan.

Mai gidan gem lissafinsa daban ne. Yaran da ke biyan kuɗi wasa-wasa ƙwallo suke so, minti goma a tashi wani ya zauna, kuma labarin awa 30 na mutum ɗaya ba ya cika aljihu. Ƙari ya fi dacewa da na'urar gida, ko wadda abokai biyu ko uku suka haɗa kuɗi a kanta. A PS4, idan aka mayar da na'urar ta zama babbar na'urar akawun da ya saya, duk sauran masu shiga a kanta za su buga ƙarin, kowa da ajiyar wasansa, kuma naira 60,000 da aka raba uku ta fi sauƙin fita daga aljihun mai jiran shago.