Sandar RAM Mai Fuska Biyu

Da zarar kwamfuta ta suma, fuskarta ta koma shuɗiya, sai kowa a ofis ya zama likita. Wannan ya ce bairos ne, wancan ya ce Windows ce ta tsufa, na gefe ya rantse da hannun maƙiya a ciki. A biya mai gyara ya sake loda komai, jibi ta ƙara suma.

Wani lokacin kuwa mai laifin tana ciki ta yi lamo: sandar RAM. Ba ta mutuwa gaba ɗaya a huta. Sai ta yi ta riƙe amana, can ta mayar da 0 ya koma 1, ta yi shiru. Yau manhaja ta rufe kanta, gobe fayil ya lalace, kullum da sabon wanda ake zargi.

Don kama ta, saka manhajar gwajin RAM mai suna MemTest86 a filashi, ka tayar da injin da shi, ka bar shi ya kwana yana rubutawa yana karantawa. Kuskure ɗaya ma abin tuhuma ne. In sanduna biyu ne, gwada su ɗai-ɗai, ka sauya musu rami, don wani lokacin ramin ne mai cutar. Wadda ta faɗi jarrabawa, cire ta, ka ƙyale Windows ta sarara.