Karen da Ya Fi Ubangidansa Asali

Ranar Talata da la'asar wasu samari biyu suka hana majalisarmu ta bakin tashar Wurno sakat da gardamar kare. Ɗaya ya dage sai ɗan mitsitsin nan mai gashi buzu-buzu da ya gani a TikTok. Ɗayan ya rantse in ba ƙato irin na 'yan sanda ba, gara ya haƙura. Ba gona za a kai shi ba, ba farauta ba, ba kiwo ba. Na gayu ne.

Mai son ƙaramin ya matso kusa da ni ya ce, "Baba, wanga hwa ba irin na unguwa ba ne, takarda gare shi." Na ce takardar me? Ya ce ta asali. Wai an rubuta sunan uban karen da na uwarsa da na kakanninsa, da ranar haihuwa, aka buga hatimi.

Jama'a, a Wurno muke fa, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya rasu a 1837 aka binne shi. Ba yau muka fara sanin darajar asali ba. Akwai tsofaffi a garin nan da za su jero maka kakanni har zamanin jihadi ba su tsaya shan ruwa ba, amma ko su ba su taɓa neman hatimi ba. Yau ga kare da hatimi. Ranar da zai iso ke nan sai an yi shimfiɗa, a ɗauko maroƙi ya tsaya a ƙofar gida yana ɗan wane jikan wane. In ya isa aure ba za a haɗa shi da 'yar kowa ba, sai an tura dattawa Abuja bincike, a ji ko a dangin amarya akwai wadda aka taɓa kamawa tana tonon juji. In aka samu, a fasa, a mayar da goro. In ya mutu kuwa, ban san wane alƙali zai raba gadon kwano da sarƙa ba. Shi kuwa mai shirin sayen, tambaye shi sunan kakan babansa ka ga sosa ƙeya. Tasa takardar haihuwar ma ta rantsuwar kotu ce, ita ma an rage mata shekaru.

Mai son ƙaton shi ma bai tsira ba. Karen da Allah ya yi wa gashi don sanyin Jamus za a kawo ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, a gidan da wutar lantarki ke leƙowa kamar baƙon da ya ɓata hanya. Zai yini harshe a waje yana haki. Ba ya cin ɗumame. Sai shinkafar Wurno da kifin Goronyo, a gidan da almajiri ke yin sallama a ce masa Allah ya ba da haƙuri.

Abin da ke ba ni haushi shi ne akwai karen da ke aiki a ƙasar nan, kuma ba wanda ya taɓa yin gardama a kansa. Ja ne, siriri, haƙarƙari a waje, sunansa "kai!" sai kuma dutse ya biyo baya. Shi ke kwana a fadamun da ke shan ruwan madatsar Goronyo yana gadin albasa da tafarnuwa. Shi ke gaban mafarauta, shi ke bayan garken Fulani. A ƙauyukan Rabah da Goronyo da 'yan bindiga suka hana barci, sau da yawa haushinsa ne ke fara tayar da gari. Ladansa ƙanzo, in an tuna. Malamanmu sun daɗe suna karantar da mu cewa an yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona. Na halarci karatu da yawa, ban ji inda aka ambaci na ɗaukar hoto ba.

Kuma duk tsawon gardamar nan, daga mai hatimi har mai ƙato ba wanda ya ambaci allurar rigakafin haukan kare. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato tana yin ta, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da asibitin dabbobi a Sakkwato, nan kusa. Ciwon nan in alamunsa suka bayyana ba a tashi, kuma yana yawan ɗaukar yara. Amma wanda ya iya kashe dukiya a kan takardar kakannin kare, in aka ce ya kai shi allura sai ya ce ai nasa mai tarbiyya ne. Wanda kare ya ciza, ƙarami ko babba, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa nan take, a wuce asibiti, kada a tsaya karanta hatimi.

Samari, in dole sai kun yi kiwo, ku sayi ɗan rago balami. Ba ya haushi, ba ya cizo, dusa da harawa sun ishe shi, kuma in Layya ta zo za ku san inda kuɗinku ya tafi.